Babi na Bakwai: Motar Aiki Ga Mai Goge Tagogi, A Ara Ko A Saya?

Ku fito da littafin rubutu da fensir. Fensir na ce, ba biro ba, domin za a yi kuskure a wannan babi kuma za a goge. Wanda yake da kalkuleta a wayarsa ya ajiye ta a gefe, kada ya taɓa sai mun gama da hannu. Lambobin da za ku gani a nan na koyo ne kawai, ba farashin mota ba ne a ko'ina. Idan kun iya lissafin, sai kowa ya sa nasa lambobin da kuɗin ƙasarsa.

Darasi na 1: Me motar za ta ɗauka?

Mai goge tagogi iri biyu ne. Akwai mai bokiti da tsumma da robar share ruwa da tsani. Idan gidajen da yake wa aiki suna kusa da juna, wannan bai kai ga neman mota ba tukuna. Akwai kuma mai aiki da doguwar sanda mai buroshi a kai, ruwa na bin siririyar mesa yana fita ta bakin buroshin, yana wanke tagar bene alhali ƙafarsa tana ƙasa. Ruwan da ake wannan aiki da shi tatacce ne, an cire masa gishiri-gishirin da ke ciki, shi ya sa yake bushewa a kan gilashi ba ya barin tabo. Famfo ba ya ba da irinsa kai tsaye, sai an tace shi an zuba a tanki an ɗauka. A nan maganar mota take shigowa.

Ku rubuta wannan layin a saman shafi, da manyan baƙaƙe: LITA 1 TA RUWA, NAUYINTA KILO 1 NE.

Ashe tanki mai cin lita 400, idan ya cika, ruwan kaɗai kilo 400 ne. Kowace mota kuma tana da iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka. Ku buɗe ƙofar direba ko murfin inji, za ku ga ɗan ƙarfe ko takarda da kamfani ya manna, da lambobi a kai, a gabansu an rubuta kg. Wannan kg ɗin, kilo yake nufi. A yawancin motoci lamba ta farko ita ce nauyin motar gaba ɗaya, wato ita kanta da mutane da kaya. Nauyinta idan babu komai a ciki yana cikin littafin motar. A ɗebe ƙaramar lamba daga babbar. Misali, 2,800 a ɗebe 1,900, saura 900. Wannan 900 ɗin shi ne rabonka, kuma a cikinsa za a cire nauyinka kai direba, da na yaronka, da tsani, da tankin kansa, sannan ruwa. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima birkinta ba ya kamawa da wuri.

Darasi na 2: Hanyoyi huɗu

Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida huɗu. A gida na farko ku rubuta ARO, wato ɗan'uwa ko aboki ya ba ka motarsa ka yi aiki ka mayar. Gida na biyu HAYA, ka biya kuɗin yini ko na mako ko na wata, mota ta koma wa mai ita. Gida na uku SAYE KUƊI HANNU. Gida na huɗu SAYE DA BIYA WATA-WATA. Ku bar ƙasan kowane gida babu rubutu, za mu cike shi.

Darasi na 3: Nawa motar take ci a ranar aiki ɗaya?

Wannan darasi shi ne babin gaba ɗaya. Wanda ya gane shi, sauran ba za su ba shi wahala ba. Kada kowa ya ji kunya in bai gane a karon farko ba. Na ga manyan 'yan kasuwa masu riƙe lissafin kanti a ka sun yi tuntuɓe a nan, don haka a bi a hankali.

Motar da ka saya kamar doki ce a turke, ko an hau ko ba a hau ba sai ta ci. Abubuwa uku take ci ko da tana tsaye a ƙofar gida.

Na farko, faɗuwar daraja. A ce ka saya a kan 6,000. Bayan shekara 3 ka sayar a kan 2,400. A ɗebe 2,400 daga 6,000, saura 3,600. Wannan kuɗi ya tafi, ba a hannun makanike ba, ba a gidan mai ba, tsufan mota ne ya cinye shi. Shekara 3 wata 36 ne. A raba 3,600 gida 36, kowane wata 100. Rubuta 100.

Na biyu, inshora da sabunta takardu. A ce 600 a shekara. Shekara wata 12 ce. A raba 600 gida 12, ya ba da 50. Rubuta 50 a ƙarƙashin 100.

Na uku, juyen baƙin mai, da taya, da batir, da gyaran da ba ya sallama. A ce shi ma 600 a shekara, wato 50 a wata. Rubuta 50.

A tara: 100 da 50 da 50, 200 ke nan a wata. Ban sa kuɗin mai ba, da gangan, domin ko aro ka yi ko haya ko saye, kai ne za ka zuba mai.

To, yanzu ku ajiye fensir ku saurara. Za mu raba 200 ɗin nan da kwanakin da ka fita aiki da motar. Ban ce kwanakin wata ba. Kwanakin da ka fita aiki na ce. Wata yana da kwana 30, amma babu mai goge tagogi da yake aiki kwana 30. Akwai ranar hutu. Akwai ranar da ruwan sama ko iska mai ƙarfi suka hana hawa tsani. Akwai ranar rashin lafiya, da ranar da mai gida ya ce a dawo wani makon, da ranar da motar ta kwana a gareji. Duk waɗannan ba sa cikin ƙidaya.

Mu gwada. Ka fita aiki kwana 20 a wata. A raba 200 gida 20, amsa 10. Motarka tana cin 10 a kowace ranar aiki. A ce kuma kuɗin hayar irin wannan motar 20 ne a yini. Wanne ya fi ƙanƙanta, 10 ko 20? 10. Ga mai aikin kwana 20, saye ya fi.

Mu sake. Yanzu kai sabon shiga ne, kwastomominka ba su da yawa, kwana 8 kawai ka fita. Da me za mu raba? Da 8. Ba da 30 ba, da 8. A raba 200 gida 8, amsa 25. Haya kuma tana nan a 20. Ga mai aikin kwana 8, haya ta fi sauƙi. Mota ɗaya ce, kuɗinta bai canza ba, kwanakin aiki ne suka juya amsar.

Ku dubi abin da ke faruwa idan an raba da 30. Amsar ba ta kai 7 ba. Mutum ya ga 7 ya ga 20, sai ya yi murna ya ce ai saye banza ne, ya je ya zuba duk jarinsa a mota, alhali 25 take ci masa a kowace fita. Lambar 30 ce ta yaudare shi.

Ku ɗauki fensir. Gwaji na farko: kwana 16. Kafin ku raba, ku rubuta a gefe da kalmomi, "kwanakin aikina 16 ne". Sannan ku raba. Wanda ya sami 12 da rabi ya yi daidai, madalla. Gwaji na biyu: kwana 5. Ku fara rubuta "kwanakin aikina 5 ne". Amsa 40. Gwaji na uku: kwana 10. Amsa 20, daidai da kuɗin haya. A misalinmu kwana 10 shi ne kan iyaka, wanda ya haura shi saye ya fi masa, wanda bai kai ba ya ci gaba da haya.

Idan amsarka ta sha bamban da tawa, kada ka goge komai tukuna. Duba lambar da ka raba da ita. Sau da yawa 30 ce za ka tarar a wurin. Ba laifi, hannu ne ya saba. Goge ta, sa kwanakin aiki, sake rabawa.

Amma fa akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Wasunku in na tambaye su kwana nawa suka yi aiki a watan jiya, sai su kalli sama su ce kullum. Haba malam! Kullum ba lamba ba ce. Na roƙa tun babi na biyu cewa kowa ya riƙa sa alama a kalanda duk ranar da ya fita aiki, har yanzu akwai kalandar da ko ɗigo babu a jikinta. Mutum ya yi niyyar kashe kuɗin da ya shekara da shekaru yana tarawa, amma jan layi ɗaya da yamma ya gagare shi? Wanda bai ƙidaya kwanakinsa na wata 3 a jere ba, kada ya zo mini da maganar sayen mota. Ƙidaya za a yi daga kalanda, ba daga baki ba, kuma da wannan ƙidayar za a raba, ba da 30 ba.

Darasi na 4: Motar aro

Mutane suna ɗauka aro kyauta ne, sai su rubuta sifili a gidansa. Ku goge sifilin. Ranar da mai mota ya buƙaci abarsa, aikinka na ranar ya tashi, kuma kwastoman da aka saɓa wa alkawari sau biyu yakan nemi wani. Sannan tanki mai ruwa ba a ajiye shi haka kawai a bayan mota. Sai an ɗaure shi da ƙarfe an kafe a jikin motar, domin in aka taka birki da ƙarfi, kilo 400 zai taho gaba inda kake zaune. Kafewa kuwa tana bukatar huda ƙasan motar, kuma da wuya mai aro ko kamfanin haya ya yarda da haka. Saboda haka aro ya fi dacewa da mai bokiti da tsani.

Kafin ka karɓi makulli, ka yi tambaya biyu. Shin inshorar motar ta yarda wani ya tuƙa ban da mai ita? Shin ta yarda a yi sana'a da motar? Inshora da yawa na zirga-zirgar gida ne kawai, in hatsari ya faru a bakin aiki kamfanin yana iya ƙin biya. A nuna maka a rubuce. In karatun ya yi maka yawa, kawo takardar aji mu karanta tare.

Ku rubuta yarjejeniya ko da ɗan'uwa ne: wa zai gyara in ta lalace, ranakun da za ka ɗauka, da lambar da agogon kilomita yake nunawa ranar karɓa. Ku ɗauki hoton motar ta kowane gefe. Kowa ya sa hannu.

Darasi na 5: In za ka sayi wadda aka yi amfani da ita

Nemi irin motar da kayan gyaranta suke ko'ina. Ford Transit tun 1965 ake ƙera ta, Toyota HiAce tun 1967, makanikai da yawa sun san cikinsu. Tafi da makaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ya leƙa ƙasan motar ya duba tsatsa.

Yawancin motoci suna da lambar shaida mai baƙaƙe da lambobi 17. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka abin da ka gani kamar O, sifili ne. Ɗora yatsa ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na jikin mota da na takarda. In ko ɗaya ya saɓa, bar motar. A gefen taya kuma akwai lambobi 4 da ke nuna lokacin da aka yi tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Darasi na 6: Biya wata-wata

Kada ka tsaya a kan kuɗin wata. Ninka shi da yawan watanni. Misali 190 sau 36 ya ba da 6,840, motar 6,000 ta ƙaru da 840. In akwai kafin alƙalami, a haɗa da shi. A irin wannan ciniki, sau da yawa motar ba ta zama taka sai ka biya kason ƙarshe, kuma ana iya karɓe ta in ka daina biya. Ƙarin nan shi ma a raba shi da watanni, a tara a kan 200, sannan a raba da kwanakin aiki.

Darasi na 7: Haya ta dogon lokaci

Duba iyakar kilomitan da aka yarje maka a shekara, domin ana cajin abin da ya haura. Tambayi ko an yarda ka manna sunan sana'arka a jikin motar.

Aikin gida

Cike gidaje huɗun nan da lambobinka na gaskiya. A kawo kalanda ranar aji na gaba.