Firjinki ya daina yin ƙanƙara? Kurakuran da aka fi yi kafin a kira mai gyara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, kiran da ya fi yawa a wayata iri ɗaya ne: "Malam, injin ƙanƙarar firjina ya tsaya, zo ka sa mini gas." Ina nufin manyan firjin nan masu ƙofa biyu da ke haɗe da bututun ruwa, suna zubo ƙanƙara da kansu.

Maganar gas ɗin nan ita ce babban kuskure, kuma tana ɓata mini rai saboda kuɗin da take ci wa mutane. Gas ɗin firji ba man janareta ba ne da zai ƙone ya ƙare. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, ba ya raguwa sai in wani wuri ya huje. Idan naman da ke firiza yana nan tsaf kamar dutse amma ƙanƙara ba ta zubowa, gas ɗinki lafiya lau yake. Wanda ya ƙara miki gas bai nemo inda yake yoyo ba, bayan 'yan makonni za ki sake kiransa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ruwa. Na je wani gida a Badariya, an riga an canza injin ƙanƙarar gaba ɗaya amma shiru. Na ce, "Hajiya, daga ina ruwa yake shigowa firjin nan?" Ta nuna mini tankin da ke bisa ƙarfe a tsakar gida. To, a nan gizo ke saƙa. Bawul ɗin da ke bayan firji, wanda wuta ke buɗewa ya saki ruwa, yawanci yana son ƙarfin ruwa ya kai kusan 1.4 a ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira "bar". Tankin sama kuwa, kowace mita 10 ta tsayi "bar" ɗaya kacal take bayarwa. Tankin da ke mita 5 rabin "bar" ke nan. Ruwan zai riƙa ɗigowa ne kawai, ƙanƙarar ta fito ƙanana ko da rami a ciki, ɗigon kuma ya daskare a bakin bututun da ke zuba ruwa cikin farantin da ƙanƙarar ke daskarewa a ciki har ya toshe shi. Maganinsa ƙaramin famfon ƙara wa ruwa ƙarfi. A gidan Hajiya shi muka sa, tsohon injin da aka cire ashe lafiyarsa ƙalau.

Kafin a kai ga famfo, a leƙa bayan firjin a ga ko tiyon ya lanƙwashe lokacin da aka tura shi jikin bango. A duba matatar ruwa ma. Masu ƙera firji suna cewa a canza ta duk wata 6, amma mai ruwan rijiyar burtsatse da ke zuwa da yashi, tasa ba ta kai haka ba take toshewa.

Akwai ɗan ƙarfe ko roba a gefen injin mai hana shi aiki idan kwanon tara ƙanƙara ya cika. Yaro ya sa hannu ya ɗaga shi, ko ledar nama ta tokare shi, shi ke nan. A sauke shi ƙasa. Wasu firjin maɓallin kunna injin da kashe shi ne da su a jikin ƙofa.

Sai batun wuta da sanyi. Firiza tana son zama a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma injin ba ya juye ƙanƙara sai farantin ya yi sanyi sosai. In wutar awa 3 ake samu a yini, ga ƙofa ana buɗewa ana rufewa, ba laifin injin ba ne. A ba shi yini guda cur da wuta kafin a yanke masa hukunci. Wuta mai rauni kuma tana sa kwamfaresa, injin da ke tura gas ɗin, ya yi ƙara ya kasa tashi, don haka a sa masa sitabilaiza, in an ɗauke wuta an dawo da ita a jira minti 5 kafin a kunna. Ƙurar hunturu da ta lulluɓe ƙarafan baya ko na ƙasa ita ma tana hana zafi fita. A cire soket, a share da burushi, a ja firjin baya daga bango kamar tsawon tafin hannu. Robar ƙofa kuwa, a maƙale takarda a rufe. In ta zare ba wuya, robar ta saki.

Wanda nake roƙo don Allah a daina shi ne sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙarar da ta toshe. Na ga firji masu kyau da aka kashe da wuƙar kicin. Tsini ɗaya ya huda bututu, gas ya fice, kuma yawancin sababbin firji gas ɗin R600a suke amfani da shi, wanda ke kamawa da wuta. A kashe firjin, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora, ko a bar ƙofar a buɗe ta narke da kanta.

In an bi duk waɗannan, ruwa na da ƙarfi, sanyi ya kai, amma farantin a bushe ko ƙanƙarar ta maƙale ba ta juyewa, saura bawul ko motar injin. Wannan sai mai gyara ya auna da mitar auna wuta, kuma ki ce ya nuna miki abin da mitar ta karanta kafin ki ba da kuɗin sabon kaya.