Yadda ake raya rumana a gidajen Legas

Wanda ya tashi a Arewa ya san rumana: tsiron nan mai ganye kamar takobi da ke fitowa a daji da damina, furensa ja da ratsin rawaya. Masana tsirrai na kiranta Gladiolus dalenii, kuma 'yar asalin Afirka ce. Tana jure fari ƙwarai. Abin da ke kashe ta a Legas ruwa ne.

Don haka ƙasa za ka fara gyarawa. Jar ƙasar Agege da Ikeja tana riƙe ruwa, ita kuwa ta Lekki yashi ce amma ambaliya na hawanta. A duka biyun, ka tayar da kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30, ko ka shuka a bokiti mai huji huɗu ko biyar a ƙasa. Haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ka kusanto da shi, yana ƙona saiwa kuma yana jawo ruɓa.

Zaɓi albasar rumana mai tauri, wadda ba ta da laushi ko baƙin tabo. Binne ta zurfin santimita 10, tsinin yana duban sama, tazarar santimita 15 tsakanin kowace biyu. Wurin ya samu rana ta aƙalla awa shida. A inuwar katanga sai ganye ya yi ta tsawo, fure kuwa shiru. Ƙarshen Maris ya fi dacewa, domin ta kafu kafin mamakon Yuni. Cikin wata uku galibi za ka ga fure.

Tana kai mita ɗaya, iskar hadari kuma na kwantar da ita, saboda haka a kafa mata sanda tun da wuri. In ka ga ganye ya yi zane-zanen fari, furen ya ƙi buɗewa, ƙananan ƙwari ne masu tsotso. Ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu, ana fesawa da yamma duk mako, yana rage su.

Bayan fure kada ka yi gaggawar yanke ganye, shi ke ciyar da albasar baɗi. Sai ya yi rawaya ka tone, ka shanya a inuwa mako biyu zuwa uku, ka barbaɗa toka, ka adana a kwando. Leda na sa ta fumfuna a laimar Legas. 'Ya'yan da ke manne a gindinta a shuka su daban, sukan yi shekara biyu kafin su yi fure. A ajiye kwandon inda yara ba za su kai ba, kada su ci, saboda albasar rumana ta yi kama da albasar miya.