Masu neman digirin digirgir a fiziks, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Duk shekara da watan Oktoba ya kama sai ƙanne su fara turo min takardunsu in duba, kuma wallahi abu ɗaya nake gani har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne imel ɗin nan ƙwaya ɗaya da ake kwafa a watsa wa farfesoshi birjik. "Ina sha'awar bincikenka", to wane binciken? Mai aiki kan lesa da mai aiki kan taurari duk jimla ɗaya ka tura musu, wani ma ko sunan jami'ar bai tuna ya canza ba, sannan ya zo yana ƙorafin an ƙi ba shi amsa. Ni yadda nake yi, in shiga arXiv, shafin intanet da masana ke ɗora takardun bincikensu, in nemo takardu biyu na baya-bayan nan da mutumin ya fitar, ko lissafin ya fi ƙarfina in karanta farko da ƙarshe, sai in rubuta ɗan gajeren saƙo da tambaya ɗaya ta gaske. Haka takardar bayanin manufa, kowa sai "tun ina yaro nake kallon taurari". Malam, kwamitin da ke tantance masu nema ba labarin yarintarka ya dame su ba, faɗa musu furojet ɗin da ka yi, me ka auna, wane kod ka rubuta, ina abin ya ƙi kuma ya ka yi da shi.

Sai wasiƙun shaida, yawanci uku ake nema. Sai ka ga yaro ya bar malamin da ya duba masa furojet ya tafi bin wani babban farfesa da ko fuskarsa bai riƙe ba, a ƙarshe a rubuta masa layi uku, wai yana da ladabi. Ladabi ne zai warware lissafin kwantum? Ga jinkiri kuma. Ni shekara guda cur ta tafi min saboda wani malamina ya ɗora wasiƙarsa bayan an rufe, tun daga nan da wata biyu nake roƙo, in tura CV ɗina, in riƙa tuni ba kunya, kuma in ajiye mutum na huɗu ko da wani zai ɓace.

Da yawa ba su ma san tsarin ba ɗaya ba ne. A Amurka da digirin farko ma za ka iya nema, galibi ana rufewa a Disamba a fara karatu Agusta ko Satumba. A Jamus da Holan sai da mastas, kuma sau da yawa kamar gurbin aiki ake tallata shi da albashi. Wanda ya san tushensa bai yi ƙwari ba ya duba difilomar shekara ɗaya ta cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964.

GRE kuwa, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, jami'o'i da yawa sun daina tilasta shi, duba shafin sashen kafin ka zubar da kuɗinka. Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS shekara biyu yake yi ya mutu. Kar ka nemi manyan jami'o'i irin su MIT da Kambirij kawai ka naɗe hannu. In kuma aka ba ka gurbi ba tallafin kuɗi, ni dai ba na karɓa.