Yadda nake noman lambu a Tromso, garin da rana ke yin wata biyu ba ta faɗi ba

'Yan uwa da kuka zo karatu ko aiki arewacin Norwe, na san abin da ke damunku ba sanyin ba ne kaɗai, ganyen miya ne, ɗan ƙunshin da ba zai cika tafin hannu ba sai ka ji kuɗinsa ka mayar. Toh ni ina ɗan taɓa lambu a bayan gida, bari in faɗa muku yadda nake yi.

Farko dai ku ajiye lissafin damina na gida. Nan daga wajen 20 ga Mayu har bayan 20 ga Yuli rana ba ta faɗuwa sam, ƙarfe ɗayan dare kana cire ciyawa ba fitila, amma fa hasken ne kawai, zafin babu, a Yuli ma da ake cewa tsakiyar bazara matsakaicin zafi wajen digiri 12 ne. Shi ya sa a ɗaki ake fara rainon iri, tun Afrilu ƙanƙara na nan jibge a waje, ka samu robobin yogot ka huda gindinsu ka zuba ƙasar shuka ka jera a taga. Kabeji, latas, albasa. Karas kuwa ba ya son dashe, shi kai tsaye ake yayyafa shi.

Don Allah kada ka kwashi dashe daga ɗaki mai hita ka dasa a waje rana ɗaya, zai kwanta. Ka yi sati guda kana fitar da shi, yau awa biyu gobe awa huɗu, har ya saba da iskar teku. Ni ba na dasawa sai Yuni ya shigo.

Ƙasar nan tana daɗewa da sanyi, don haka ɗaga ta ake yi. Akwai katakon nan mai kusurwa huɗu da suke ce wa pallekarm, ka ɗora biyu ka cika da ƙasa da takin gargajiya, ka rufe da baƙar leda sati biyu ta sha rana. Bayan dashe ka lulluɓe da farin mayafin nan fiberduk, yana riƙe ɗumi kuma yana hana ƙudan da ke sa tsutsa a saiwar kabeji. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta nuna min, ta zo da duwatsu a bokiti tana danne bakin mayafin ɗaya bayan ɗaya, ta ce in ka bar kafa ko ta yatsa ce ƙudan zai samu hanya.

Dankalin turawa shi ne sarkin lambun nan, in wuri ɗaya gare ka shi za ka sa. Ka nemi irin da ake kira Gulløye, ƙanana ne, cikinsu ruwan ɗorawa da jajayen idanu, mutanen arewa suna ji da shi sosai. Ka jera shi a kiret ɗin ƙwai wurin haske mai ɗan sanyi kamar sati biyar har tsiro ya fito gajere mai kauri, in ƙasa ta kai digiri 8 ka binne, tazarar santimita 30. In ganye ya kai taƙi ɗaya ka tara masa ƙasa a gindi kamar yadda muke huɗa a gida, in ba haka ba rana ta taɓa 'ya'yan su yi kore, koren kuma ba a ci. Alayyahon turawa da radish ('yar jar saiwar nan da ake ci ɗanya) hasken nan yana sa su tafi fure da wuri, kubewa da yakuwa da attarugu kuma sai dai a taga cikin ɗaki, a waje ɓata iri ne.

Maganar taki, ni ciyawar teku nake kwasowa a bakin ruwa, in bari ruwan sama ya wanke gishirin in haɗa da bolar kicin. Na koma mata ne a 2022 da takin zamani ya yi tsada bayan Rasha ta shiga Yukren, kuma na san buhun taki a gida ma haka ya yi. Abin da yawancinmu ba mu sani ba, wani kaso na sinadarin fosfet ɗin da ake takin da shi daga yankin Kola ake haƙo shi, can bayan iyakar Norwe da Rasha mai kusan kilomita 200, kuma a Kolan ne rundunar jiragen ruwan yaƙin Rasha ta arewa take da hedkwata, a Severomorsk kusa da Murmansk. Tun 2021 jiragen yaƙin Amurka masu tafiya ƙarƙashin teku suna tsayawa a tashar Grøtsund, 'yar tafiya ce a mota daga inda nake ban ruwa, wallahi wani lokacin ina riƙe da bokiti abin yana min yawo a rai.

A garin nan ne ofishin Majalisar Aktik yake, wadda ƙasashe 8, har da Rasha, suka kafa a 1996 don muhalli da mutanen Aktik, wato yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya. A Maris 2022 bakwai suka dakatar da zama da Rasha, sai Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024, yanzu duk bakwai ɗin suna NATO. Kuma ɗumin da ke sa tsofaffin nan cewa abin da ba ya fitowa a da yanzu yana fitowa, shi ne dai ke narkar da ƙanƙarar teku, yankin yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Hanyar ruwa ta arewacin Rasha da narkewar ke buɗewa ta fi ta mashigin Suwez gajarta sosai tsakanin arewacin Turai da gabashin Asiya, Sin tun 2018 take kiran kanta maƙwabciyar Aktik, Trump kuma tun 2019 yake zancen mallakar tsibirin Girinlan. Ni a ganina masu cewa hanyar nan za ta maye gurbin Suwez nan kusa sun yi gaggawa, har yanzu sai da izinin Rasha, sau da yawa kuma sai da jirgin fasa ƙanƙara, amma abin da ke ba ni tsoro shi ne makamai suna ƙaruwa, masu zama su yi magana suna raguwa.

Akwai abin da ya sa nake bin zancen da zuciya ɗaya. A tsibiran Svalbard na Norwe da ke cikin Aktik akwai rumbun iri na duniya a cikin dutse, an buɗe shi a 2008, kuma cikin kayan farko da aka kai har da irin wake daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Wakenmu na alale da ƙosai yana ajiye a tsakiyar wurin da ake wannan ja-in-ja.

Daga ƙarshen Agusta ku riƙa duba hasashen yanayi kullum da yamma, in an ce dare zai yi kusa da sifili a mayar da mayafin. Dankali a tone shi a Satumba ranar da ba ruwa, a bar shi ya sha iska a inuwa, kada a wanke, a zaɓi masu lafiya masu girman ƙwai a ajiye a wuri mai duhu da sanyi don baɗi.