Yadda Ake Shirya Kwamfaila Don Gina Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ka sauko da tushen wata buɗaɗɗiyar manhaja (wato rubutun da aka gina ta da shi, wanda kowa zai iya gani), ka buga make, umarnin fara gini, sai allo ya cika da kurakurai. Kada ka karaya. Galibi kwamfaila, wato manhajar da ke mai da wannan rubutu abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, lafiyarta lau, wani abin da take nema ne ba ta samu ba.

Da farko ka shigar da kayan aikin. A Debian ko Ubuntu, sudo apt install build-essential zai kawo maka kwamfailolin gcc da g++, da make, a tare. A macOS, xcode-select --install ne, amma ka sani "gcc" na can wata kwamfaila ce mai suna Clang a ɓoye. Mai Windows ya nemi MSYS2 ko WSL, masu ba da damar amfani da irin waɗannan kayan aiki a Windows.

Sai ka karanta README da INSTALL, ka ga da wane tsarin shirya gini aikin yake tafiya: ./configure ko CMake ko Meson.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne mataki na uku. Laburare, wato shiryayyen ɓangaren manhaja da wasu manhajoji ke dogaro da shi, na iya kasancewa a kwamfutarka, amma kwamfaila ta ce ba ta ga wani fayil nasa ba, kamar zlib.h. Dalili kuwa, an raba kunshin gida biyu: ɗaya na gudanar da manhaja, ɗaya na gina ta. Na biyun kake buƙata, wanda sunansa ke ƙarewa da -dev a Debian, kamar zlib1g-dev da libssl-dev, ko -devel a Fedora. Ka haɗa da pkg-config, shi ke nuna wa kwamfaila inda laburaren suke. In manhajar tana rumbun Debian, apt build-dep zai ɗebo su duka, matuƙar ka kunna layukan deb-src, wato layukan saitin apt masu nuna inda tushen manhajoji yake.

In gini ya tsaya, ka hau sama ka nemo kuskuren farko. Sauran duk ’ya’yansa ne.

Wani lokacin sabuntar kwamfailar ce matsalar. Tun GCC 10 ta 2020, tsofaffin ayyukan C kan faɗi da saƙon "multiple definition"; saitin kwamfaila na CFLAGS=-fcommon kan warware shi. GCC 14 ta 2024 kuma ta mai da wasu tsofaffin gargaɗi kurakurai. Bayan kowane gyara irin wannan, ka goge jakar build, inda ake tara abin da aka gina, ka sake, domin CMake na riƙe tsofaffin saituna.

Ina roƙonka, kada ka yi saurin buga sudo make install, cire abin daga baya da wuya. Ka ba configure zaɓin --prefix=$HOME/.local, sannan ka saka $HOME/.local/bin cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajoji.