Darasi na Tara: Tsamo Adireshin Intanet daga Cikin Takardu da Saƙonni

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake buɗe fayil a kwamfuta, da yadda ake kwafar rubutu daga wani wuri a liƙa shi a wani. Yau za mu ɗora a kan wannan, domin mu warware wata matsala da ke damun da yawa daga cikinmu. A ajin nan akwai sakatarorin ƙungiyoyi, akwai iyayen da 'ya'yansu ke neman gurbin karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, akwai kuma masu sana'a da ke bibiyar sanarwar horo da tallafi. Dukkanmu ana turo mana takardu da saƙonni masu ɗauke da adireshin intanet, wanda wasu ke kira likau, kuma idan sun taru da yawa sai mutum ya rasa wanne ne a ina.

Mu ɗauki misalin sakatariyar wata ƙungiyar mata maɗinka a unguwar Ƙofar Ƙaura, wadda shugabarta ta ce mata ta haɗo duk adireshin da aka turo wa ƙungiya tun daga ƙaramar salla zuwa yau, a buga su a takarda guda kafin taron Asabar. Idan ta ce za ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana kwafa da biro, za ta kwana biyu a kai, kuma harafi guda da ta tsallake ya isa ya hana adireshi buɗewa, ko ya kai mai dannawa wani wuri daban. Akwai manhajojin kyauta da ke gama wannan aiki kafin ruwan shayi ya tafasa.

Siffar adireshi

Kafin a taɓa kowace manhaja sai an san abin da ake nema, kamar yadda a ajin yaƙi da jahilci ba a fara haɗa baƙi sai an san baƙaƙen. Tsarin adireshin da muke amfani da shi ya samo asali ne daga aikin wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ya gabatar da shawarar kafa yanar gizo a shekarar 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar binciken CERN kusa da birnin Janiba. Yawancin adireshi suna farawa da http:// ko https://, sai sunan gidan da ya mallaki shafin, sai kuma karkataccen layi da abin da ke biye da shi, wanda ke nuna ɗakin da ake so a shiga a cikin gidan. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne adireshi ba ya ɗauke da fili a tsakiyarsa. Daga inda ya fara har inda ya ƙare a haɗe yake, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa kwamfuta ke iya gane shi a cikin dogon rubutu.

Ƙarshen sunan gida yana faɗa mana wani abu. Haruffan ng alamar Najeriya ce, gov.ng na hukumomin gwamnati ne, edu.ng kuma na manyan makarantu. Adireshin hukumar JAMB shi ne jamb.gov.ng, na hukumar katin ɗan ƙasa nimc.gov.ng, na jami'ar jiharmu kuma umyu.edu.ng. Sai dai ba kowace hukuma ce ke ƙarewa da gov.ng ba, domin adireshin hukumar zaɓe inecnigeria.org ne, saboda haka wannan alama taimako ce ga ido, ba hukunci ba.

Inda ake samun manhajar

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma idan aka rubuta neman manhajar tsamo adireshi a injin bincike, abin da zai fara fitowa zai tabbatar da wannan magana. Wasu manhajojin suna cewa kyauta ne, sai an girka su sannan su nuna adireshi kaɗan su nemi kuɗi kafin su saki sauran. Wasu suna zuwa da tarin talla, wasu kuma suna shigo da cutar kwamfuta a ɓoye. Akwai kuma shafukan da ke cewa a ɗora musu takardar su tsamo adireshin nan take. Suna yin aikin, amma takardar ta bar hannunku ke nan, kuma idan tana ɗauke da sunayen 'yan ƙungiya da lambobin wayarsu ko na asusun banki, kun miƙa amanar mutane ga wanda ba ku san fuskarsa ba. Ni ba na ba da shawarar su sai ga takardar da ko a bangon kasuwa aka liƙa ta babu damuwa.

Amma akwai kyautar da take ta gaskiya. Tun a 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara fafutukar samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, ya duba yadda aka gina su, ya kuma raba wa wasu ba tare da ya karya doka ba. Daga irin wannan gida manhajoji uku da za mu yi amfani da su suka fito. Ta farko ita ce Notepad++, wadda Don Ho ya fitar a 2003, tana aiki a kwamfuta mai Windows, kuma nauyinta bai kai megabait 10 ba, ana sauke ta daga notepad-plus-plus.org. Ta biyu ita ce 7-Zip ta Igor Pavlov, wadda ta fito a 1999, aikinta kwance ƙunshin fayil, gidanta 7-zip.org. Ta uku LibreOffice, wadda aka kafa a 2010, tana buɗe takardun Word ga wanda ba shi da Word, amma ta haura megabait 300, don haka ya fi sauƙi mutum ɗaya ya sauke ta daga libreoffice.org ya raba wa sauran 'yan aji a filashi, tunda lasisinta ya halatta hakan. Ku rubuta waɗannan adireshi da hannunku a saman burauza, kada ku danna tallar da ta fito a sahun farko, domin masu yaudara sukan buɗe shafi mai kama da na asali.

Fitar da rubutun

Idan adireshin kaɗan ne kuma a WhatsApp suke, ba a ma buƙatar kwamfuta: a taɓa sunan hirar a sama, a shiga wurin da aka tara hotuna da takardu, a zaɓi sashen da aka rubuta wa "Links", duk za su bayyana a jere. Amma daga nan ba a iya kwashe su gaba ɗaya zuwa takarda, shi ya sa sakatariyarmu za ta bi wata hanya. Za ta buɗe hirar, ta taɓa ɗigo uku na kusurwar sama, ta zaɓi "More", sannan "Export chat", ta kuma zaɓi "Without media" don kada hotuna su biyo. Wayar za ta haɗa mata fayil na rubutu zalla, wani lokaci a cikin ƙunshin zip, sai ta tura shi zuwa kwamfuta ta kebul ko ta imel. Idan a shagon kwamfuta take aikin, ta tabbata ta goge fayil ɗin kafin ta tashi, har daga kwandon shara.

Takardar Word ko ta PDF kuwa, a buɗe ta, a danna Ctrl da A tare don a zaɓi rubutun duka, a kwafa da Ctrl da C, a liƙa a cikin Notepad++ da Ctrl da V. PDF ɗin da ya ƙi zaɓuwa hoton takarda ne kawai, kuma sai an fara karanta shi da manhaja irin Google Lens a waya, sannan a duba sakamakon harafi-harafi, domin takan rikita sifiri da harafin o.

Aikin tsamowa

Da zarar rubutun ya shiga Notepad++, a danna Ctrl da M, wani ƙaramin akwati zai buɗe. A ƙasansa a zaɓi "Regular expression", wato a sanar da manhajar cewa siffa za a ba ta, ba kalma ba. A gurbin nema a rubuta wannan daidai yadda yake, ba tare da fili ba:

https?://\S+

Kada wannan layi ya tsorata kowa, domin jimla ce da aka taƙaita. Haruffan http su ne farkon adireshi. Alamar tambaya da ke bayan s tana nufin ko akwai s ko babu, duka a karɓa. Layin da ya karkata baya tare da babban S yana nufin kowane harafi ko lamba ko alama in dai ba fili ba ne, alamar tarawa kuma tana cewa a ci gaba da ɗauka har sai an ci karo da fili. Dole S ɗin nan ya zama babba, domin ƙaramin s a wannan wuri kishiyar ma'anar yake bayarwa, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a aji.

Daga nan a danna "Mark All", adireshin duka za su ɗauki launi. A danna "Copy Marked Text", a buɗe sabon shafi da Ctrl da N, a liƙa. Kowane adireshi zai zauna a layinsa. Tunda sanarwa guda takan zagayo sau biyar ko shida a hira ɗaya, a shiga "Edit", sannan "Line Operations", a zaɓi "Remove Duplicate Lines", maimaicin zai fita. Adireshin da aka rubuta da www a farko ba tare da http ba, wannan siffa ba ta kama su, sai a sake zagaye na biyu da www\.\S+ a ƙara su.

Sauran gyara na ido ne. Idan adireshi ya zo a ƙarshen jimla, aya ko waƙafi kan manne masa a wutsiya, sai a goge. A takardun PDF dogon adireshi kan karye gida biyu a ƙarshen layi, manhajar ta ɗauki rabin farko kawai, don haka duk wanda ya yi kama da guntu a koma a duba asalinsa.

Adireshin da ke ɓoye

Wata takardar Word za ku ga an rubuta "danna nan" da shuɗin launi, adireshin kuma yana ƙarƙashin kalmar ba a ganinsa, kuma idan aka kwafi rubutun zuwa Notepad++ kalmar ce kawai ke tafiya. Mai Word zai iya danna Alt da F9, ɓoyayyun adireshin su fito fili, ya sake dannawa su koma. Wanda ba shi da shi, ya sani cewa fayil mai ƙarewa da docx ƙunshi ne na ƙananan fayiloli. A buɗe shi da 7-Zip, a shiga jakar word, a shiga jakar _rels, a fito da fayil mai suna document.xml.rels, a buɗe shi a Notepad++. A nan adireshin suna tsakanin alamun zance, don haka siffar da ta dace ita ce https?://[^\s"]+ wadda ke tsayawa a fili ko a alamar zance. Layukan da suka fara da http://schemas.openxmlformats.org na tsarin takardar ne, a zubar da su.

Tantancewa kafin rabawa

Manhaja ta yi sussuka, shiƙa ta rage gare ku, domin ba ta bambanta adireshin hukuma da na ɗan damfara. Duk abin da ya fara da http ta kwaso shi. Sakatariyar da ta buga jerin nan ta raba a taro ta sa hannunta a kai ke nan, kuma matan da suka karɓa za su amince da shi saboda ita. Hanyar karanta adireshi ita ce a nemo karkataccen layi na farko bayan sunan gida, a karanta abin da ke daf da shi ta hagu, domin nan ne sunan mai gidan yake. A jamb.gov.ng/ mai gidan JAMB ce. A jamb.gov.ng.example.com/ kuwa mai gidan example.com ne, sunan JAMB ado ne kawai aka rataya a ƙofa, example.com suna ne da aka keɓe don ba da misali, shi ya sa na yi amfani da shi.

Gajerun adireshi irin masu farawa da bit.ly ba sa nuna inda za su kai mutum. A ware su gefe, a kwafi kowanne a liƙa a virustotal.com, wanda ke duba adireshi da fayil kyauta, kuma kamfanin Google ya saye shi a 2012. Idan ya ce bai ga cuta ba, wannan ba shaida ba ce cewa tallafin da aka yi alkawari na gaskiya ne. Duk shafin da ya nemi lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, a cire shi daga jerin, a kuma sanar da shugaba wanda ya turo shi don a faɗakar da sauran 'yan ƙungiya.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zaɓi takarda ko hira guda wadda babu sirrin kowa a cikinta, ya tsamo adireshin da ke ciki, ya cire maimaici, sannan ya rubuta a littafinsa adadin da ya samu kafin cirewa da bayan cirewa. A gaban adireshi biyar na farko ya rubuta sunan mai gidan kowanne, ya ja layi a ƙarƙashin wanda yake shakka a kansa. Waɗanda ba su da kwamfuta su haɗu uku-uku su yi amfani da ta aji bayan sallar la'asar ranar Laraba, kuma kowa ya zo da littafinsa darasi na gaba, domin da adireshin da aka ja wa layi za mu fara.