Silant A Ƙasa, Kaki A Sama: Yadda Nake Kare Fentin Mota

Masu kawo min mota a nan Kano, tambayar da suka fi yi ita ce, kaki za a sa ko silant? In aljihu zai ɗauka, duka biyun nake ba da shawara, amma silant ne ke fara hawa jikin fenti, kaki ya biyo baya. Wanda ya juya su ya zubar da kuɗinsa.

Silant haɗin masana'anta ne, yana kama jikin kiliya, wato ɓawon nan mai ƙyalli da ke saman fenti, ya daskare a kai. In ya kama da kyau yakan yi wata huɗu zuwa shida. Kaki kuwa, wanda ake ji da shi shi ne na karnuba, da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Ceará da Piauí. Shanya ganyen ake yi, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narka. Shi ke sa baƙar mota ko ja ta yi ta sheƙi kamar jiƙaƙƙiya. Sai dai ba ya jimirin rana. Zallarsa sai wajen digiri 82 yake narkewa, amma na cikin gwangwani an sassauta shi da mai, ga shi a watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, bonet ɗin baƙar mota kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. In kakin ya kai wata biyu ya yi ƙoƙari. Kuma tunda maiƙo gare shi, silant ba ya samun wurin kamawa a kansa.

Rabin aikin wanki ne. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da ka kwaso ya koma jikin fenti. Bayan motar ta bushe, sa hannunka cikin leda ka shafa bonet. In ka ji kaushi-kaushi, akwai dattin da ya nutse wanda wanki ba ya fitarwa. Nan ne yumɓun goge fenti ke aiki: ka fesa ruwan sabulu sosai, ka riƙa zamar da yumɓun a hankali har wurin ya yi sumul, kana naɗe shi kana sake fuska. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi, komai sabuntarsa. Idan akwai ƙananan karce, yanzu ne lokacin folish, domin silant rufe abin da ya tarar kawai yake yi. Sai dai a yi hattara da injin folish, kiliya ba ta kai kaurin takarda ba. Daga nan ka goge jikin da sipirit na isopropyl, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, ya kwashe ragowar mai.

Kada ka yi shafa a rana. Ni bayan asuba nake yi, ko bayan la'asar a cikin rumfa. Ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen. In da ɗumi, dakata.

Girgiza kwalbar silant ɗin, ka ɗiga ɗigo uku ko huɗu a soso mai laushi. Wannan ya ishi ƙofa guda. Fara daga rufi ka gangaro, kana ja a miƙe, sannan ka gitta. Shafar da ta yi daidai ita ce wadda sai ka karkata kai wajen haske kafin ka ganta. Yaran shago sun fi son su lafta har motar ta yi fari fat, don mai ita ya ga an yi aiki, alhali abin da ya taɓa fentin ne kaɗai ke zama, sauran duk a tawul zai ƙare, ga wahalar gogewa, ga zane-zane. Baƙar robar bamba da ta gefen gilas ka liƙe su da tef tukuna, don farin tabon da ke kama su fitarsa sai an sha fama.

Bar silant ɗin minti goma zuwa ashirin, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba. Ja yatsa a kai: in layin ya fito tas, ya yi, in ya yi damɓa-damɓa, ƙara masa lokaci. Goge da tawul ɗin maikirofaiba da ka ninka huɗu, kana sauya fuska. Tsohuwar singileti ba ta wannan aiki.

Sai jira, inda mutane suka fi gazawa. Silant na buƙatar awa 12 zuwa 24 kafin ya gama daskarewa, ba ruwa, ba raɓa. Motar ta kwana a gareji ko ƙarƙashin rumfa. Washegari in kana so ka ƙara shafa ta biyu, ribarta ita ce ta rufe inda ka tsallake. Ta uku ban ga amfaninta ba. Kafin kowace shafa, duba ko ƙura ta sauka. In ta sauka, ɗauraye ta da ruwa ka busar, kada ka share ta a bushe.

Bayan wani kwanan sai kaki. Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a babban kanti, karanta jikin gwangwanin. Meguiar's da Turtle Wax duk suna da nau'in da aka rubuta wa Cleaner Wax, mai goge datti yana shafawa. Yana da kyau ga mai gaggawa, amma a kan silant zai cinye aikin jiya. Nemi kaki zalla. Murza soso sau ɗaya a gwangwani, shafa siriri, ɓangare ɗaya ka goge kafin ka wuce na gaba, kada ya ƙeƙashe.

Ni dai daga Disamba zuwa Fabrairu ba na sa kaki. A ganina maiƙonsa na riƙe ƙurar hunturu, mai mota kuma da ya ga ƙura sai ya kai mata tsumma, nan karce ke farawa. Silant kaɗai nake bari, in ajiye kaki sai gab da damina.

Motar da aka yi wa sabon feshi kuwa, ka bar ta wata ɗaya zuwa uku, ko yadda mai fentin ya ce, don sinadaran ciki su gama fita. Bayan an gama komai, a daina wanke ta da omo, yana kwashe kaki. Kashin tsuntsu da na jemage a cire su ran da suka faɗa, ruwan burtsatse kuma kada a bar shi ya bushe da kansa. Ranar da ka watsa ruwa ka ga ya daina dunƙulewa, ya shimfiɗe a kan bonet, lokacin sabuwar shafa ya yi.